Azumin Da Aka Buɗe Mini Kwamfuta

Kwana huɗu ke nan hadari yana yi mana wasa da hankali. Da la'asar sai ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, masu tireda su ja leda, ya yi ta rugugi, can kuma iska ta zo ta watsa shi ba a ga ko ɗigo ba. Abin da yake bar mana kawai gumi ne, irin wanda riga ke manne wa mutum a gadon baya. Haka ƙarshen damina yake a Kano, kowa ya sani. Ni dai duk shekara in ya zagayo, azumi ɗaya nake tunawa, wanda ya faɗo a irin wannan lokaci wajen shekara ashirin da suka wuce. A azumin nan na rasa abokin wasana, a kan wani ɗan falle kore da bai fi tsawon tafin hannu ba.

Gara in faɗi halina tun yanzu, don kada wani ya riga ni. Ni mutum ne mai zargi. In na rufe ƙofa sai na dawo na girgiza kwaɗon, in mahauci ya yi mini gyara sai na shinshina naman. Mai ɗakina Hajara takan ce ko inuwata ce ta biyo ni sai na waiwaya na tambaye ta wa ya aiko ta. A lokacin ina ɗaukar wannan hali wayo ne.

Shagonmu yana Ƙofar Ruwa, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, mu biyu a ciki. Ni ina ɓangaren dama ina buga wa mutane takardu da katin biki a kwamfuta, Malam Bukar yana hagu yana gyaran rediyo. Kakanninsa daga Barno suka zo, ni kuma Bafulatanin birni ne wanda bai iya komai a Fulatanci ba sai gaisuwa, amma hakan bai hana wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ya kama mu ba. Kullum da safe in na shigo sai ya ɗago daga kan tebur ya ce, “Bawana ya iso? Zo ka share wa ubangidanka wuri.” Ni kuma in ce masa ɓarawon batir, in gargaɗi duk wanda ya kawo gyara da ya ƙirga wayoyin rediyonsa kafin ya tafi. Shekara goma sha ɗaya muna haka, kwaɗo ɗaya, makulli biyu.

Kwamfutar tsohuwa ce, yayana ya samo mini a gwanjon wani ofis da suka yi sababbi. Fara ce a da, amma ta koma ruwan ƙwai. Ga ta da nawa: in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Yayana ya ce mini ram ɗinta ne ƙarami, wato ɗan fallen da take riƙe aiki da shi yayin da ake yi, kuma guda ɗaya ne tal a cikinta. Na riƙe wannan maganar na mayar da ita mita. Ba ranar da Bukar ba ya jin ina cewa da ram ɗin nan ya fi haka da na huta.

Azumin shekarar ya zo da nauyi. Ruwa ya ja baya amma ƙasa ba ta bushe ba, kududdufai sun cika sun yi kore, sauro ya yi mana sansani, kusan kowane gida akwai mai zazzaɓi a kwance. Katangun ƙasa sun sha ruwa, in ka bi ta lungu sai ka ji warin danshi. Wuta kuwa sai hantsi ake kawowa, wani lokaci ta kai la'asar, wani lokaci ko azahar ba ta gani. Saboda haka ranar kowa a tsare take. In an idar da asuba in ɗan kishingiɗa, ƙarfe takwas ina shago ina jiran ƙwan fitila ya kama. Da ya kama sai hannu a kan madannai, ba magana. Kafin azahar kwanon rufi ya ɗau zafi, leɓe ya bushe, harshe ya yi nauyi. Bayan la'asar ɗayanmu ya bi layin ƙanƙara, don a lokacin sai mai rabo ke samun ƙullin da bai narke ba. Yanzu jikokina sola suke kunnawa su sha ruwa mai sanyi, ba su san an taɓa naɗe ƙanƙara a buhu ana gudu da ita gida kamar an ɗauko jariri ba.

A shago muke buɗa baki. Hajara ta aiko da kunun tsamiya na sabon gero da ƙosai, matar Bukar ta aiko da burabisko. Mu shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa mu sa hannu a kwano ɗaya, yana cewa Bafulatani bai san abinci ba sai nono, ina cewa a lura da shi kada ya sa ludayin a aljihu.

Aikin da ke gabana a azumin babba ne. Wani dattijon malami a Kabara, muna ce masa Baba Malam, ya ba ni waƙoƙinsa na wa'azi da ya rubuta da ajami tun yana saurayi, in mayar da su boko a buga ɗan littafi a raba ranar rufe tafsiri. Takardun sun tsufa, tawada ta dusashe, wani baitin sai na karanta sau biyar. Ga kwamfuta tana jan ƙafa, ni kuma ina ta mita.

Ran biyar ga azumi na kunna ta, kafin in gyara zama ta buɗe. Na danna aikin Baba Malam, ya fito nan take. Na yi mamaki, amma da yake jiya na goge tsofaffin katunan biki da yawa, sai na ce nauyinsu ne ya sauka. Na yi ta yabon kaina a gaban Bukar, shi kuwa yana ta liƙa wayoyin rediyo da solda bai ɗago ba. Kwana uku na yi ina aiki kamar an sake mini hannu.

A rana ta huɗu, ana gab da kiran azahar, ina tsakiyar wani baiti sai allon ya koma shuɗi, ya cika da rubutun da ban gane ba. Na kashe na kunna, shafi uku sun tafi. Washegari haka, jibi ma haka. Da safe lafiya lau, amma da zarar rana ta take kuma aikin ya yi tsawo, sai ta tsaya cak ko ta mutu ta tashi da kanta. Wanda bai taɓa sake buga abin da ya riga ya buga ba, da ƙishirwa a wuya, ba zai gane irin takaicin ba.

Wata rana na juya ta don in duba ko waya ce ta saki, sai idona ya sauka a kan notunan bayanta. Huɗu ne ramukansu, amma tun da aka kawo ta uku ne a jiki, duk sun yi tsatsa. Yanzu kan kowane ya yi haske, alamar sukundireba ta hau shi kwanan nan. Rami na huɗu kuma an cike shi da wani ɗan baƙin noti. Na san notin nan. Akwai irinsa cike da gwangwanin madara a kan teburin Bukar.

Na sha jin labari a majalisa cewa masu gyara sukan buɗe na'urar mutum su zare mai kyau su sa masa mataccen, kuma ga kasuwar Ƙofar Ruwa a bayanmu inda ba abin da ba a saye. Wa ke da makulli in ba shi ba? Wa ke da sukundireba a aljihun gaba ko masallaci za shi? Ban iya buɗe kwamfuta ba, tsoron cikinta nake ji, don haka ban duba komai ba. Na dai zauna na haɗa labarina tsaf, kuma ya haɗu. Ban tsaya na tambayi kaina wane irin ɓarawo ne zai ƙara wa mai kaya noti ba. Cewa na yi gaggawa ce ta sa ya bar shaida.

Daga ranar duk abin da Bukar ya yi sai ya zama hujja a wurina. Ya ɗauko mitarsa ya auna wutar shagon ya ce tana rawa, na ce a raina yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Ya ciro ɗan injin wata tsohuwar rakoda ya haɗa fanka ya kafa wa kwamfutar a baya, na ce kunya ce ta dame shi. Ya hau tsani da azumi a bakinsa ya shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a kan kwano don ɗakin ya yi sanyi, ya sauko riga sharkaf, na yi masa sannu a daƙile. Duk lokacin da allon ya yi shuɗi nakan saci kallonsa, in ga fuskarsa ta canja, ya ajiye abin da ke hannunsa. Damuwa ce ƙarara a fuskar, ni kuma na karanta ta yadda nake so.

Wasa ya mutu a bakina. In ya ce bawansa ya iso, sai in ce masa ina kwana Malam Bukar. Kalmar ɓarawo da na shekara goma sha ɗaya ina jifansa da ita ta ƙi fita, don yanzu ta yi nauyi. Muna dai cin kwano ɗaya da magariba, amma ina kallon hannunsa yana kai loma ina jin haushi. Da na gaya wa Hajara, cewa ta yi in tambaye shi kawai, mutumin da ya yi mana tsaye ranar da aka kwantar da 'yarmu a asibiti ai ya wuce a yi masa ƙumbiya-ƙumbiya. Na ce mata ba ta san duniya ba, wa ya taɓa tambayar ɓarawo ya ce e? Ta ce to, Allah ya sa in gama sanin duniyar lafiya.

Maimakon tambaya sai na ɗana tarko. Na tsinko baƙin zare daga keken ɗinkinta, na manna shi da gam a ƙasan kwamfutar, inda murfi ya haɗu da jiki. Kwana biyu zare yana nan. A na uku na tafi Kabara da hantsi in ba Baba Malam haƙuri a kan jinkiri, na kuma daɗe da gangan. Da na dawo na tura hannu ƙasa, na ji zare ya rabu biyu. A yammacin ranar kuma kwamfutar ta yi mini mafi muni: ta mutu ina cikin adana aiki, da ta tashi littafin gaba ɗaya ya ƙi buɗewa. Kwafin da na taɓa ajiyewa a faifai rabi ne kawai. Aikin kwana tara ya tafi, saura kwana takwas a rufe tafsiri.

Na bari Bukar ya tafi tafsirin la'asar, na je na sayo sabon kwaɗo, na rufe shago na tafi gida na sha ruwa a can. Shi ma daga tafsirin bai dawo shago ba ranar, kwanon burabiskon da aka aiko, an ce mini, a bakin ƙofa ya kwana.

Da safe na zo da wuri na laɓe a rumfar mai shayi da ke tsallaken titi, wadda azumi ya rufe. Ina kallo Bukar ya iso ya jingine kekensa, ya zura makulli ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya sake gwadawa. Sannan ya ɗaga kwaɗon ya dube shi da kyau, ya sake shi a hankali, ya tsaya hannu a baya yana kallon ƙofar. Na so in ji daɗi a lokacin, amma abin da na ji bai yi kama da daɗi ba. Na tsallako.

“An sauya kwaɗo,” in ji shi.

Na ce an sauya.

“Saboda ni?”

“Saboda kayana.”

Hannunsa ya kai kan sukundirebar aljihunsa, sai kuma ya sauke. Ya roƙe ni in buɗe ya kwashe rediyoyin mutane, don amana ce. Ya nemo mai baro, suka yi sawu uku. Gwangwanin notunansa ne abu na ƙarshe da ya ɗauka. Fankar da ya haɗa wa kwamfutar ya bar ta a inda take.

Ni kuwa shaida nake so, wadda zan nuna wa 'yan layinmu in sun tambaya. Na naɗe kwamfutar a zane na ɗora a acaɓa zuwa wajen Ƙofar Dawanau, shagon wani Malam Auwalu da aka ce ya san cikinta. Muna isa hadarin da ya yi sati yana yaudara ya ɓarke, ruwan ƙarshe na shekarar, mai ƙarfi, har ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar kwano. Na ɗaga murya na ce ya buɗe ya faɗa mini abin da aka sace. Ya kwance notunan, ya haska da tocila, ya daɗe yana dubawa. Ya faɗi wata magana ruwa ya cinye ta. Na ce me? Ya matso kusa da kunnena.

“Na ce ba a cire komai ba, Malam. Ƙari aka yi maka.”

Ya nuna mini falle biyu kore a tsaye gefe da gefe. Ɗaya ya yi ƙura, da tambarin ofis ɗin da aka sayo ta a jikinsa, shi ne nawa na asali. Ɗayan an goge shi tas, ya ma fi nawa girma. Auwalu ya yi mini bayani cewa ba kamfani ɗaya ya yi su ba kuma saurinsu ba ɗaya ba ne, sabon yana da ƙwayoyi gaba da baya, tsohuwar kwamfuta irin tawa ba ta iya tafiyar da su tare. In aiki kaɗan ne sai ta lallaɓa, in ya yi yawa kuma ta ɗau zafi sai lissafinta ya rikice. Ya gwada kowanne shi kaɗai a gabana, duka biyun lafiyarsu ƙalau. Ya ce wanda ya sa shi ya iya hannu, don ya zauna daram, sai dai ya ɗauka duk abin da ya shiga ramin ya yi, kamar yadda ake yi a rediyo. Ya tambaye ni wa ya yi mini wannan alheri, don ram irin wannan ba arha ba ne ko a gwanjo. Na ce wani ne.

Ban san yadda na fito daga shagon ba. Na bar kwamfutar a can, na sa fallen a aljihu, na bi ruwa da ƙafa ina tsallake kwatoci har gidan Bukar. Na tarar da shi a zaure ya jera rediyoyi a kan tabarma, yana tare ɗigon rufi da kwano. Na ajiye ram ɗin a gabansa. Ya dube shi, sannan ya sunkuyar da kai ya fara ba ni haƙuri, ni da na zo ba shi. Ya ce ya gaji da jin ina wahala, ya ga fallen a wurin masu kayan gwanjo ya saya, ya sa da safe kafin in zo. Bai faɗa ba don watan azumi ne, yana so abin ya tsaya tsakaninsa da Allah. Da matsala ta fara ya ɗauka wuta ce ko zafi. Da ya fara zargin fallen, ranar da na tafi Kabara, ya buɗe ya goge shi ya sauya musu rami ko za a dace. Da ya ga littafin ya lalace, ya kwana da niyyar ya zo da sassafe ya cire shi ya gaya mini komai. Shi ne ya tarar da kwaɗo.

Na ce, “Don Allah me ya hana ka faɗa mini tun farko?”

“Kai me ya hana ka tambaye ni?” Bai ɗaga murya ba. “Kwana goma muna sa hannu a kwano ɗaya. Tun ranar da ka daina ce mini ɓarawo na san ka fara ɗaukata ɓarawo. Na yi ta jira ka faɗa da bakinka in yi dariya in nuna maka.”

Na roƙe shi gafara, hawaye na zuba, ban ji kunyar matarsa da ke jin mu daga tsakar gida ba. Ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na san da gaske yake. Aka kira magariba muka sha ruwa tare. Da zan tafi na ciro ɗaya daga cikin sababbin makullan na miƙa masa. Ya ce in riƙe tukuna, zauren nan ma ya ishe shi, ya fi kusa da masallaci.

Littafin Baba Malam bai fito ranar rufe tafsiri ba, sai bayan salla da sati biyu. Dattijon bai damu ba, ya ce waƙar da ta jira shekara hamsin za ta iya jiran wata guda. Kwamfutar ta ƙara shekara huɗu tana aiki da ram ɗinta guda, a hankali kamar da, ban kuma sake yi mata mita ba. Yanzu shagon ma na sayar da kayan waya ne, kowa a tafin hannunsa yake buga katinsa.

Bukar yana nan da ransa, ido ya yi rauni, ya bar gyara. Bai taɓa fashin suna ko jana'iza a gidana ba, ni ma haka. Shekaranjiya da hadarin nan ya watse na bi ta ƙofar gidansa na same shi a kan dakali yana fifita da hula. Na tattaro ƙarfin hali, kamar yadda nakan yi duk shekara war haka, na ce, “Ɓarawon batir, ana shan iska?” Na tsaya ina jiran ya ce bawansa ya iso.

Ya gyara zama, ya miƙo mini hannu biyu cikin girmamawa.

“Malam Tijjani,” ya ce, “an wuni lafiya? Ya iyali?”